Kusurwoyi a Gindin Kwalbar Giwa

Duk shekara ana turo mana ɗalibai su yi wata shida a ɗakin gwajinmu, kuma duk shekara, kafin mako na biyu ya ƙare, sai ɗayansu ya tambaye ni ko iyakar aikin ke nan. Suna ganin mutum zaune a kan kujera yana juya hannun inji, siririn kaki yana fitowa daga bakin wuƙa, sai su ɗauka duk wanda ya iya yanka albasa zai iya. Ba na jin haushinsu. Ni ma ranar da na zo, da takardar digirina a cikin ambulan, haka na ɗauka. Shekarata hamsin yanzu, ashirin da huɗu daga ciki a wannan ɗaki na yi su, a bayan wani babban asibiti a cikin garin Bauchi. Abin da zan rubuta a nan domin waɗannan ɗalibai ne, tunda da baki ban taɓa iya kai musu shi ƙarshe ba.

Aikinmu shi ne mu mayar da nama abin karantawa. Idan likitan tiyata ya ciro ƙari daga jikin mutum, idonsa ba zai gaya masa ko sankara ce ko ba ita ba. Sai ya jefa ƙarin cikin kwalba mai ruwan famalin, wanda ke tsayar da ruɓa ya ƙandarar da nama, ya aiko mana. Mu za mu yanko ɗan yanki mai kaurin kwabo, mu tsane ruwan jikinsa da sifirit mataki bayan mataki, mu dulmiya shi cikin narkakken kaki har kakin ya ratsa shi, ya daskare ya zama ɗan bulo. Sannan a ɗaura bulon a injin yanka, a riƙa fere shi har ya fi fatar albasa siranta, yadda idan ka yi numfashi da ƙarfi yankan zai tashi sama. A shimfiɗa shi a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a kwaso shi da gilashi, a rina shi da launi biyu, shuɗi da ruwan hoda. Daga nan likita zai sa gilashin a madubin ƙara girma ya faɗi sunan ciwon. Mu ba ma faɗin suna. Amma idan yankanmu ya yi kauri, ko ya ninke, ko wuƙa ta karce shi, likita zai karanta abin da ba shi ne ba, kuma a wani gida a unguwar Gwallaga ko Ɗan Iya za a cire wa mace lafiyayyen nono, ko a bar mata mai ciwo.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Baba Yohanna, mutumin wani ƙauye a tsaunukan kudancin jihar. Da wankin kwalabe ya fara a ɗakin, ba shi da digiri, kuma bahago ne. Wata uku na farko bai bar ni na taɓa inji ba. Ya ba ni wuƙar yanka, irin ta da, mai nauyi kamar sirdin keke, da dutsen wasa da fata, ya ce in wasa. Da na gama sai ya tsinko gashi ɗaya daga kansa ya ɗora a bakin wuƙar. Idan gashin bai rabu da kansa ba, sai ya miƙo mini ita ba tare da ya dube ni ba.

Wata rana na gaji na ce masa, "Baba, ni fa duk wannan na karanta shi a jami'a."

Ya ce, "Madalla, Malam mai digiri. Ita wuƙar ta karanta?"

Dokokinsa biyu ne, kuma a kansu duk labarin nan ya rataya. Ta farko: kowane yanki da ya yanko, sai ya guntule masa kusurwa ɗaya, domin bayan an zuba kaki a san wace fuska ce ke kallon ƙasa. Ɗan guntun kusurwar, wanda bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ba ya jefa shi a shara. Da bakin wuƙa yake ture shi ya koma cikin kwalbar da ya fito, yana cewa naman mutum ba ya shiga kwandon shara ko da ƙwayar gero ne. Ta biyu: ba a kiran sunan ciwo sai an yanka. Idan ya ji ma'aikaci ya dubi ƙari a kwalba ya ce wannan ai sankara ce, sai ya tambaye shi, "Ka yanka?" Idan ya ce a'a, Baba ya ce to ya rufe baki.

Masu hulɗa da mu ba mu cika ganin fuskokinsu ba. Yawanci lamba ce a jikin kwalba. Amma wani tela daga unguwar Wunti ya taɓa zuwa da hantsi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa saboda wari. Mahaifiyarsa ta rasu da asuba, za a kai ta bayan azahar, kuma wata biyu kafin nan an cire mata ɗan yatsan ƙafa an aiko mana. Ya zo karɓa ne a binne ta da shi. Ni na fara yi masa bayanin ƙa'ida. Baba kuwa ya tashi. Ya ɗauko bulon ya narkar da kakin a kan wuta, ya ciro abin da ya rage, ya haɗa da na kwalba har da ɗan guntun kusurwar, ya naɗe a farin ƙyalle ya miƙa masa da hannu biyu. Telan yana tafiya ya juyo ya ce, "Ni dai tun farko na ce kada a taɓa ta da ƙarfe." Wannan magana mun saba jin ta. Mutane da yawa sun yi imani cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, wai da an sa masa wuƙa ko allura sai ya fusata ya bazu. Saboda haka sukan ɓoye shi a ƙarƙashin riga har sai ya fashe, sannan su zo, a yanka, su mutu, maganar ta ƙara ƙarfi. Baba yakan girgiza kai ya ce jahilci ne. Sau da yawa na ji shi da kunnena.

Akwai wata al'ada tsakaninmu da ba a rubuta ta ko'ina ba. Ranar Juma'a da sha biyu da rabi ni nake tafiya masallaci, daga can in wuce gida, shi ya riƙe ɗaki har a tashi. Ranar Lahadi shi yana coci, ni nake leƙowa in sauya wa naman ruwa. Ɗakin baya, inda kwalabe suke jere a kanta har rufi, makullansa biyu ne kawai: ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurina. Shekara goma sha biyar muka yi a haka ba mu taɓa tattauna shi ba.

Mummunar shekararmu ita ce wadda kaki ya yanke. An daina kawo shi, wuta kuma sai ta yi kwana uku ba a gan ta ba. Muka koma sayo kyandir a kasuwar Wunti, mu narkar, mu cire lagwani, mu tace da ƙyalle. Kakin kyandir yana da gautsi, a zafin bazara kuma laushi yake yi kamar man shanu, don haka muka riƙa karɓo ƙanƙara wajen mata masu sayar da zoɓo muna ɗora bulo a kai kafin a yanka. Ruwan famfo ma daga tanki yake, muna tattalinsa. A wannan hali ne, a ƙarshen sanyi, Dakta Bala, likitan dabbobi kuma abokin karatuna, ya shigo da bokitin fenti biyu a rufe. Wata tsohuwar giwa ce ta mutu a gandun dabbobi, ana so a san ko guba ta ci, kuma a lokacin injinmu ne kaɗai ke aiki a garin.

Kwana tara muka yi a kan giwar nan. Hanta, saifa, ƙoda, huhu. Fatarta sai da ta dakusar da wuƙa biyu. Babu guba. Haƙoranta ne suka ƙare, in ji Dakta Bala, ta kasa tauna, yunwa ta kwantar da ita, kamar yadda tsofaffin giwaye kan ƙare. Abin da ya tsaya wa Baba a rai shi ne tsabtar gilasan. Ya daɗe sunkuye a kan madubi, sannan ya ɗago ya ce, "Sa'idu, zo ka gani. An ce ta kai shekara sittin. Dubi hantar nan, kamar ta budurwa. Mutum ya kai haka, ko'ina ka yanka sai ka tarar da wani abu yana shirin tsirowa."

A nan na yi kuskurena, kuma na yi shi ne cikin jin daɗi. A watannin na karanta abin da masana suka gano game da giwa, ina neman wanda zan faɗa wa. Muna zaune a bakin ƙofa muna ɓare gyaɗa na zayyana masa. Na ce sankara daga ƙwaya ɗaya take farawa, cikin ƙananan ƙwayoyin da jiki ya ginu da su, idan ta yi kuskure wajen rabuwa ta kuma ƙi tsayawa. Bisa hankali, dabbar da ta fi yawan ƙwayoyi, ta kuma fi daɗewa a duniya, ita ya kamata ta fi kamuwa. Giwa ta ninka mutum sau da yawa, da haka ne da babu giwar da za ta kai ga haihuwa. Amma abin a juye yake. Ɓera, idan kyanwa ta ƙyale shi ya shekara biyu ko uku, sau da yawa sankara ce ke kashe shi, giwa kuwa ba kasafai take samunta ba.

Baba ya ce, "To me ya sa?"

Na ce masana suna ganin kakannin giwa na can nesa ƙanana ne. Da zuriyar ta riƙa ƙara girma, waɗanda jikinsu ba shi da isasshen tsaro sai ciwon ya riƙa kwashe su kafin su bar 'ya'ya da yawa, waɗanda tsaronsu ya fi kuma su ne suka hayayyafa. Ɓera bai buƙaci haka ba, domin shaho ko maciji ba sa barinsa ya tsufa, gwamma ya yi sauri ya haihu. Na ce a cikin kowace ƙwaya akwai wani rubutu da aka gada, aikinsa gadi: idan ƙwaya ta lalace, ya sa ta gyaru, idan ba za ta gyaru ba ya umarce ta ta mutu. Mutum yana da guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Giwa tana da su birjik, don haka ƙwayoyinta ba sa gardama, da sun ji rauni sai su kashe kansu kafin su zama fitina. Na ƙara da cewa jemagun da ke rataye a bishiyoyin garin nan ma suna daɗewa fiye da ƙimar jikinsu, manyan dabbobin teku masu shayarwa ma haka, amma kowace zuriya da hanyar da ta bi, ba dabara ɗaya ba ce. Ni a wurina wannan bai taɓa saɓa wa imanina ba. Allah yana yin abu da sababi, mu kuma muna leƙen sababin ta madubi.

Ya murza ɓawon gyaɗa a hannunsa. Sannan ya ce, "A cikin hantar ma akwai shi, mai gadin?"

Na ce, "A kowace ƙwaya, Baba."

Iyakar amsata ke nan. Ban ƙara da cewa wannan tsaro ba a cin sa, cewa ciki narkar da shi yake yi kamar kowane nama, cewa sai dai a haife ka da shi. Ban ga dalilin faɗa wa mutumin da ya koya mini aiki abin da kowane ɗalibi ya sani ba. Ragowar hantar, mai girman dunƙulen hannu biyu, muka sa a babbar kwalba muka ajiye a ɗakin baya.

Bayan 'yan makonni Inna Asabe, dattijuwar da ke share mana ɗaki, ta tare ni da tsintsiya a hannu ta ce ita ta daina shiga ɗakin baya.

Na ce, "Inna, shekara nawa kina share tsakanin kwalaben nan?"

Ta ce, "Waɗancan mutane ne, ɗana, na saba da su. Amma tunda kuka kawo giwar nan, duk yammacin Juma'a idan na zo wucewa sai in ji ruwa yana zuba a ciki, ƙofa kuma a kulle. Asabar da safe shiru, kwamin wanki a jiƙe. Da ƙishi ta mutu, ruwa take nema."

Na yi dariya na ce famfon ne ya lalace. Na duba shi, lafiyarsa lau. Tankin kuwa yana saurin ƙarewa. Na ga wannan, na kuma ga wasu abubuwan. Baba ya fara naɗa mafila a wuya a tsakiyar bazara, lokacin da kowa ke neman cire riga. Muryarsa ta dishe. Wandonsa ya yi masa yawa. Yakan tashi daga kan inji ya riƙe ciki ya fita waje. Duk na gani, kowanne na ba shi dalilinsa dabam: mura, tsufa, gyambon ciki. Aikina shi ne lura da abin da bai kai ƙwayar gero ba, amma mutumin da ke zaune kamu biyu daga kujerata na kasa haɗa shi wuri ɗaya. Har yau ina tambayar kaina ko kasawa ce, ko ƙin gani.

Wata Juma'a, ana sallamewa, maimakon in hau keke zuwa gida sai na koma asibiti. Babu kowa a ɗakin gaba. Rigar aikin Baba tana rataye a ƙusa. Kafin in kai ƙofar baya na ji shi: ruwa yana zuba siriri, ba ya yankewa. Na buɗe da makullina. Hasken da ke shigowa ta ƙaramar taga yana ratsa kwalabe, duk ɗakin ya yi rawaya. A bakin famfo an ɗaure ɗan ƙullin bandeji da zare, ruwa yana bi ta kansa. Haka muke wanke famalin daga nama idan za a yi masa wani rini na musamman, sai dai a makon babu irin wannan aiki. Na kwance ƙullin. Yankin hanta ne, mai kaurin kwabo daidai, an guntule masa kusurwa ɗaya.

Na sauko da kwalbar giwa. Hantar ta ragu, gefenta ɗaya ya zama kamar matakala, kuma duk zanen wuƙar daga hagu ya taso. Na tsiyaye ruwan a farin faranti. A gindin kwalbar akwai 'yan guntaye masu kusurwa uku, kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Hannunsa ya yi abin da ya saba, ko da yake babu kakin da za a zuba. Na jera su da bakin wuƙa na ƙirga, na ɗauki fensir na rubuta adadin a takardar jikin kwalbar.

"Ka ƙirga?"

Yana tsaye a bakin ƙofa. Ban ji shigowarsa ba saboda ƙarar ruwa.

Na ce, "Sha ɗaya, Baba."

Ya ce, "Daidai ne. Har da na yau."

Ya jawo kujera ya zauna, ya warware mafilar a hankali. A gindin wuyansa ta hagu, saman ƙashin kafaɗa, akwai kumburi kamar lemun tsami, fatar wurin tana sheƙi. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce tun kafin Kirsimeti.

Na ce, "Baba, famalin guba ne."

"Ni za ka gaya wa? Kwana yake yi a ƙarƙashin ruwa. In je gida in dafa sau biyu in zubar da romon. Ɗanɗanonsa kamar takalmin roba, idan kana son sani."

"Mai gadin ba ya aiki ta ciki. Narkewa yake yi. Laifina ne da ban gaya maka ba."

"Sa'idu, kana tsammani ban sani ba? Tun kana magana a bakin ƙofar can na sani."

"To me ya sa?"

Ya nuna kantocin da hannunsa na hagu, daga ƙasa har rufi. "Domin ɗaya hanyar, ta wuƙa, na fi saninta. Shekara talatin da biyar ina yanka mutanen nan. Waɗanda gilashinsu ya nuna shi, nawa ka sake gamuwa da su a kasuwa? Uwata ta ce ba a taɓa shi da ƙarfe, na yi mata dariya. To ga su nan, duk an taɓa su."

Na ce, "A makare suka zo."

Ya ce, "Ni ma haka nake gaya wa 'yan'uwansu."

Ruwa yana ta zuba, babu wanda ya rufe. Ba ni da wata hujja ta ilimi da bai riga ni saninta ba, kuma kowace Juma'a da ta wuce abin da ke wuyansa ƙaruwa yake yi. Sai na ji bakina ya ce, "Wa ya gaya maka ita ce? Ka yanka?"

Ya dube ni. Sannan ya yi dariya da dishasshiyar muryarsa har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Malam mai digiri. Yau wuƙa ta karanta." Ya yarda a ɗebi naman bisa sharaɗi uku: ni zan yanka, da tsohuwar wuƙa, kuma shi zai fara gani kafin likita. Ni ma na kafa nawa, cewa ya rabu da giwa. Ya ce ya rabu da ita. Na miƙa hannu na rufe famfon.

Ranar Litinin likitan tiyata ya ciro ɗan yanki daga wuyansa, ya zo mana a ƙaramar kwalba da lamba kamar na kowa. Na yanko, na guntule kusurwa, na tura guntun ya koma ciki. Kwana uku yankin ya yi yana bin sifirit da kaki. Na zaɓi kyandir mafi fari, na tace sau uku. Safiyar Juma'a na wasa wuƙar da kaina har gashi ya rabu a kanta, na ɗora bulon a kan ƙanƙarar mai zoɓo, na zauna. Baba yana gefena da filasta a wuya, hannayensa a kan gwiwa. Ina jin numfashinsa yana tsayawa duk lokacin da wuƙa ta sauko. Yankan farko ya tsage. Na biyu ya ninke. Na uku ya fito a jere kamar zare, na ɗauke shi da burushi na shimfiɗa a ruwa, ya buɗe ba ko tamoji ɗaya.

Wajen sha biyu gilashin ya bushe. Ya sa shi a madubi da hannunsa, ya cire tabarau, ya sunkuya. Ni ina tsaye a bayansa ina kallon ƙeyarsa. Ban san minti nawa ya yi ba. Da ya yi magana, bai ɗago ba.

"Babu ninki, babu karce. Yanka ya yi kyau."

A shekara goma sha biyar wannan ne karo na farko da ya faɗa mini haka. Ya matsa ya ce in duba. Na duba. Mu ba ma faɗin suna, amma ido ya saba. Ƙwayoyin sun cunkushe, manya da ƙanana, baƙaƙe, suna hawan juna, wasu an kama su a tsakiyar rabuwa.

Ya ce, "Ka gan su? Ko ɗaya ba ta yarda ta mutu ba."

Ya mayar da tabarau, ya dubi agogon bango. "Lokaci ya yi. Je ka masallaci, ni zan riƙe ɗaki."

Na tsaya. Na dubi ƙofar baya, na dubi aljihunsa inda makullin yake. Ya yi mini alkawari, kuma shi ne Baba. Na ɗauki hulata na fita.

Likita ya faɗi sunan ranar Litinin, ya ce ta riga ta bazu. An yi masa aiki, an tura shi wani gari ya sha magani mai zubar da gashi. Ya kai bayan kaka, ya rasu a ƙauyensu, na je jana'izar na tsaya a bayan coci. Daga baya na tambayi likitan ko makonni goma sha ɗayan nan da sun canza wani abu. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Amsar gaskiya ce, kuma da ita nake zaune.

Kwalbar giwa ban sake taɓa ta ba shekara da shekaru. Bara na ga ruwanta ya yi duhu ya kusa ƙafewa, dole a sauya. Na tsiyaye shi a farin faranti, guntayen suka zubo. Na jera su, ba don komai ba sai sabo. Sha biyu ne. Na sake ƙirgawa sau biyu. Na juya kwalbar na dubi takardar, ga rubutuna da fensir bai goge ba: sha ɗaya. Mai yiwuwa a ranar na tsallake ɗaya. Amma shi ma ya ce daidai ne, kuma Baba bai taɓa kuskuren ƙirga ba. Na mayar da su duka cikin kwalbar, ban zubar da ko ɗaya ba, ban kuma gyara lambar ba.

Yanzu idan sababbin ɗalibai suka zo, kafin su taɓa inji nakan ba su gilashi biyu marasa suna, ɗaya hantar giwa, ɗaya wuyan mutum, in ce su gaya mini abin da suka gani. Daga nan in yi musu bayanin giwa da ɓera da jemage. Kusan kullum sai wani ya tambaya ko za a iya samo magani daga jikin giwar. Nakan ce masana suna nema, sannan in kai amsar har ƙarshenta, a hankali, ko da sun fara duba waya: ba a cin sa, ba a shan sa, kuma duk wanda ya ji kumburi a jikinsa ya zo a yanka tun yana ƙarami. Suna ganin ina maimaita abin da kowa ya sani.

Ranar Juma'a wata abokiyar aikina, Rifkatu, ita ke riƙe ɗaki, Lahadi kuma ni. Aikinta yana da kyau, ban taɓa samun ta da wani abu ba. Makullin ɗakin baya dai, duka biyun, a aljihuna nake zuwa masallaci da su.